Vischer da Fischer: Sunan Gado na Jamusawa da Tsarin Sunayen Hausawa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya fara nazarin tarihin rubutun Hausa na boko ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Hanns Vischer, Baturen nan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Idan ɗalibin ya shiga laburare domin neman ƙarin bayani, zai tarar Vischer ba ɗaya ba ne. Akwai maƙerin tagulla, akwai malamin falsafa, akwai kuma likita. In ya leƙa ƙarƙashin harafin F, sai ya iske masu suna Fischer rututu, daga masana kimiyya har shugaban ƙasa. Daga nan tambayoyi kan taso. Shin waɗannan mutane duk 'yan gida ɗaya ne? Mene ne ma'anar sunan? Me ya sa wani ya rubuta da V, wani da F?

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin amsa waɗannan tambayoyi. Abin da take son nunawa shi ne, sunan gado irin na Jamusawa tsohon bayani ne da ya daskare. Da farko yana faɗin sana'ar mai shi, amma a yau ba ya faɗin sana'a, ba ya faɗin hali, sau da yawa ma ba ya tabbatar da dangantaka. Sunan Bahaushe na gargajiya kuwa mai shi yake bayyanawa. Ɗalibin da bai rarrabe tsarin biyu ba zai riƙa haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma zai riƙa jera sunayen marubutan Hausa a inda ba muhallinsu ba. Za a ɗauko misalan Hausa daga bakin kogin Kwara, a yankin Tumbutu na arewacin Jamhuriyar Benin, domin a can sana'ar da wannan suna yake nufi tana nan da ranta.

2.0 Ma'anar Sunan da Ƙirarsa

2.1 Ƙirar kalma

A Jamusanci kalmar Fisch tana nufin kifi, aikatau fischen kuma yana nufin yin su. Idan aka liƙa ɗafa-ƙeya -er a jikin saiwar, sai a sami Fischer, wato masunci. Hausa ma tana da hanyarta ta gina sunan mai aiki, sai dai ita tana amfani da ɗafa-goshi ma- tare da ɗafa-ƙeya a lokaci guda. Dubi waɗannan misalai:

(1) ƙera: maƙeri, maƙeriya, maƙera
(2) saƙa: masaƙi, masaƙiya, masaƙa
(3) su: masunci, masunciya, masunta

A misali na (3) za a lura cewa harafin t da ya fito a jam'i ya koma c a tilo, saboda wasalin i da ya biyo bayansa. Wannan ita ce ganɗantawa, irin wadda ake gani a mahauci da mahauta. Ke nan aikin da -er yake yi a Jamusanci shi ne ma-...-i yake yi a Hausa.

Jamusanci yana cikin rukunin harsuna masu kaka ɗaya, tare da Ingilishi, da harshen Holan, da Afirkans na Afirka ta Kudu, da harsunan Denmak da Suwidin da Norwe. Shi ya sa ake samun wannan suna a cikinsu da 'yan sauye-sauye: Fischer a Jamus da Ostiriya da Suwizalan, Visser ko Visscher a Holan, Fisher a Ingila, Fisker a Denmak. Ma'anarsu duka ɗaya ce.

A Latin ana kiran kifi piscis, masunci kuma piscator. Kalmomin Latin da na Jamusanci tushensu ɗaya, illa dai sautin p na tsohon harshen ya koma f a wannan rukuni, kamar yadda pater na Latin ya yi daidai da Vater, wato uba. Jacob Grimm ne ya tsara bayanin wannan sauyi a shekarar 1822. A ƙarni na 16 wasu malamai sun riƙa mayar da sunayensu Latin don nuna ilimi. Haka Johannes Fischer (1546-1625), wani malamin addinin Kirista, ya koma Johannes Piscator.

2.2 Tsakanin V da F

A Jamusanci haruffan V da F sauti ɗaya suke wakilta a kalmomin asali. Vater da Volk da Vogel duk da f ake furta su. Marubutan tsakiyar zamani sukan rubuta kalmar kifi da v, wato visch, daga baya aka fi karkata ga f. An daidaita ƙa'idojin rubutun Jamusanci a wani taro da aka yi a Balin a 1901, amma ƙa'idojin ba su shafi sunayen mutane ba. Kowane gida ya riƙe rubutun da ya gada. Saboda haka Vischer tsohon rubutu ne, Fischer kuma shi ya fi yaɗuwa, furucinsu kuwa ɗaya.

Wannan batu yana da muhimmanci ga mai magana da Hausa. Hausa ba ta da sautin v, kuma a kalmomin aro takan mayar da shi b, kamar a direba da biza da talabijin. Wanda ya karanta Vischer da idon Ingilishi zai ce Bisha. Wanda ya san ƙa'idar Jamusanci kuwa zai ce Fisha, kuma wannan ne ya dace da furucin masu sunan.

3.0 Yadda Laƙabi ya Zama Gado

Kafin ƙarni na 12 yawancin Jamusawa suna ɗaya kawai suke da shi. Da birane suka bunƙasa, masu suna Hans da Heinrich da Konrad suka yi yawa a gari guda, sai aka shiga ƙara musu laƙabi don bambancewa, musamman a takardun haraji da na gado da na cinikin gidaje. Laƙuban sun fito ne daga hanyoyi huɗu:

(a) sunan uba, kamar Peters da Hansen;
(b) wurin asali ko wurin zama, kamar Bayer, mutumin Bavariya, da Bach, wanda gidansa ke bakin rafi;
(c) siffa, kamar Klein, ƙarami, da Lang, dogo, da Schwarz, baƙi;
(d) sana'a, kamar Müller, mai niƙa, da Schmidt, maƙeri, da Schneider, maɗinki, da Weber, masaƙi.

Duk waɗannan hanyoyi Bahaushe ya san su, domin yana da ɗan wane, yana da Bakatsine da Nagwandu, yana da Dogo da Gajere da Jatau, yana da Tela da Wanzam. Bambancin shi ne abin da ya faru daga baya. Daga ƙarni na 12 zuwa na 16, laƙabin Jamusawa ya daina mutuwa tare da mai shi. Ɗa ya gaji laƙabin uba, jika ya gaji na ɗa, ko da kuwa jikan Lang gajere ne, jikan Fischer kuma bai taɓa riƙe fatsa ba. Abin ya fara daga manyan birane, ya gangara ƙauyuka a hankali, daga bisani hukuma ta mayar da shi doka. An tilasta wa Yahudawan daular Ostiriya ɗaukar sunan gado a 1787, na Purusiya kuma a 1812.

A Jamus Fischer shi ne na huɗu a jerin sunayen gado mafi yawa, bayan Müller da Schmidt da Schneider. Dalili a fili yake. Kowane gari na bakin ruwa yana da masuntansa, kuma kifi abinci ne mai daraja a ranakun azumin Kirista da ake ƙaurace wa nama. Don haka an sami Fischer a ɗaruruwan garuruwa a lokaci guda, ba tare da kakanninsu sun haɗa jini ba.

Wasu daga cikin Turawan da suka yi wa Hausa aiki irin waɗannan sunaye suke ɗauke da su. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sunansa na nufin kyakkyawa. Krause (1850-1938), wanda aka sani da Malam Musa, sunansa na nufin mai nannaɗaɗɗen gashi. Waɗannan siffofin kakanninsu ne na nesa.

4.0 Masu Suna Vischer

4.1 Maƙeran Nuremberg

Gidan Vischer mafi daɗewa da shahara shi ne na birnin Nuremberg. Hermann Vischer ya kafa maƙerarsa a can a 1453. Aikinsu narka tagulla da zuba ta a cikin ƙira, wato a rabon Bahaushe maƙeran fari ne, ba maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe ba. Ɗansa Peter Vischer Babba, wanda ya rasu a 1529, shi ne ya ɗaukaka gidan. Shi da 'ya'yansa suka ƙera rumfar tagulla ta kabarin waliyyin Kirista Sebaldus, aikin da ya ɗauke su daga 1508 zuwa 1519. A wannan gida sana'a ta bi gado kamar yadda take bi a gidajen maƙeran Hausa, amma sana'ar ƙira ce, sunan kuwa na masunta ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Peter sunansa Hans Vischer. Ɗalibi ya kula kada ya rikita shi da Ɗan Hausa, domin tsakaninsu akwai kusan shekara 400.

4.2 Malaman falsafa

Friedrich Theodor Vischer (1807-1887) haifaffen Ludwigsburg ne a kudu maso yammacin Jamus. Ya koyar a Tübingen da Zürich, ya kuma wakilci jama'arsa a majalisar Frankfurt ta 1848. Babban aikinsa shi ne littafi mai juzu'ai da yawa a kan falsafar kyau da fasaha, wanda ya fito tsakanin 1846 da 1857. Ɗansa Robert Vischer (1847-1933) ya bi sahunsa. Shi ne ya fito da kalmar Einfühlung a fagen ilimi a 1873, wato mutum ya shigar da kansa cikin abin da yake kallo har ya ji shi a jikinsa. Daga wannan kalma masana halayyar ɗan Adam suka gina batun jin abin da wani yake ji.

4.3 Gidan Basel

Gida na uku yana birnin Basel na ƙasar Suwizalan, inda suka zauna tun ƙarni na 17 suka zama attajirai ta hanyar saƙa da cinikin siliki. Daga cikinsu akwai Wilhelm Vischer-Bilfinger (1808-1874), farfesan harshen Girka, wanda ya taimaka aka ɗauki Friedrich Nietzsche aikin koyarwa a Jami'ar Basel a 1869. Sunan nan mai ƙarangiya al'adar Suwizalan ce: miji yakan ƙara sunan gidan matarsa a bayan nasa, abin da ke taimakawa wajen rarrabe rassan babban gida. Akwai kuma likita Adolf Lukas Vischer (1884-1974), wanda ya ziyarci sansanonin fursunonin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rubuta littafi a 1918 a kan ciwon zuciya da tunani da doguwar tsarewa take haifarwa.

4.4 Ɗan Hausa

Daga wannan gida na Basel Hanns Vischer ya fito. An haife shi a 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Ya fara zuwa ƙasar nan a 1901 tare da 'yan mishan da suka yi zango a Loko, a bakin Binuwai. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Borno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus, ta Murzuk da Bilma, har zuwa tafkin Chadi, tare da ayarin da ya ƙunshi alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta. Labarin tafiyar ya fito a littafi a 1910.

A zamanin Gwamna Girouard aka ɗora masa alhakin tsara ilimin boko a Arewa. Bayan ya duba makarantun Masar da Sudan, sai ya buɗe makaranta a Nassarawa, a bayan ganuwar Kano, a 1909. Akwai ajin malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'o'in hannu, kuma da Hausa ake koyarwa. A 1912 ya fitar da ɗan littafinsa mai suna Rules for Hausa Spelling, wanda ya zama ginshiƙin ƙa'idojin rubutun boko na farko. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su shigo ba sai a shekarun 1930. Zaɓen boko a makarantun gwamnati ya buɗe ƙofar ɗab'i da jarida, amma kuma ya ture ajami gefe a harkokin hukuma, alhali da shi malaman ƙasar suka daɗe suna rubutu. Duk mai auna aikin Vischer sai ya ɗora waɗannan abubuwa biyu a kan sikeli.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Landan. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara a kan ilimi a Afirka. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar ƙasa da ƙasa ta nazarin harsuna da al'adun Afirka, wadda ta fara buga mujallar Africa a 1928. Ya rasu a 1945. Gidan ƙasar da ya zauna a Nassarawa har yau Gidan Ɗan Hausa ake kiransa.

A nan ya kamata a lura da sunayensa biyu. Vischer gado ne, bai yi komai ba ya same shi, kuma bai faɗi komai game da shi ba. Ɗan Hausa kuwa laƙabi ne da jama'a suka ba shi saboda jin harshensu da sanin al'adunsu. Shi kaɗai ne mai shi, kuma 'ya'yansa ba su gaje shi ba.

5.0 Masu Suna Fischer

Masu rubuta sunan da F sun fi yawa nesa ba kusa ba. A fagen kimiyya akwai Emil Fischer (1852-1919), wanda ya sami lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 1902, saboda bincikensa a kan nau'o'in sukari da wasu sinadaran jiki. Hans Fischer (1881-1945) ya sami irin wannan lamba a 1930 saboda aikinsa a kan sinadarin da ke ba jini launin ja. A fagen gini akwai Johann Bernhard Fischer von Erlach (1656-1723), mai tsara manyan gine-ginen birnin Biyana. A fagen ɗab'i akwai Samuel Fischer (1859-1934), Bayahude haifaffen ƙasar Hangare, wanda ya kafa kamfaninsa a Balin a 1886, ya buga littattafan Thomas Mann. Bobby Fischer (1943-2008), Ba'amurke, ya zama zakaran duniya a wasan ces, wato darar Turawa, bayan ya doke Boris Spassky a 1972. A siyasa Joschka Fischer ya riƙe ministan harkokin wajen Jamus daga 1998 zuwa 2005, Heinz Fischer kuma ya shugabanci Ostiriya daga 2004 zuwa 2016.

Mutum biyu da tarihinsu ya shafi Afirka sun isa su nuna cewa suna ba ya faɗin hali. Eugen Fischer (1874-1967) ya je Rehoboth, a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, a 1908, ya auna jikunan mutanen da suka fito daga auratayyar Turawa da 'yan ƙasa. Littafinsa na 1913 da ayyukansa na baya sun zama makami ga masu aƙidar fifikon launin fata, kuma ya yi wa gwamnatin Hitler aiki. Bram Fischer (1908-1975) kuwa lauya ne Bature ɗan Afirka ta Kudu, jikan firayim minista. Shi ya jagoranci lauyoyin da suka kare Nelson Mandela da abokansa a shari'ar Rivonia ta 1963 zuwa 1964. A 1966 shi kansa aka yanke masa ɗaurin rai da rai saboda yaƙi da mulkin wariya. Suna ɗaya, yanki ɗaya na nahiya, amma ɗaya ya gina wa wariya hujja, ɗaya ya sadaukar da 'yancinsa don rushe ta. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

6.0 Masunta a Bakin Kwara

Yanzu sai a juyo gida a ga yadda Hausa take kiran masu wannan sana'a. Tumbutu, wadda ake rubutawa Toumboutou a takardun Faransanci, ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori. Kada a rikita ta da Tambutu ta ƙasar Mali. Kogin Kwara ne iyakar yankin da Nijar, garin Gaya yana tsallake, ƙasar Kabi kuma tana gabas. Dendanci shi ne babban harshen yankin, akwai Zabarmawa da Fulani, Hausa kuma harshen kasuwa ce da na masunta da yawa.

A ɗauka akwai wani mutum mai suna Isa a wannan yanki, wanda yake fita da kwalekwale da taru da mamari yana kamo tarwaɗa da giwan ruwa. Za a iya kiransa ta hanyoyi uku:

(4) Isa masunci
(5) Isa Basarke
(6) Isa Sarkin Ruwa

Misali na (4) bayanin sana'a ne tsantsa. Idan ɗan Isa ya bar ruwa ya koyi ɗinki a kasuwar Malanbil, ba wanda zai kira shi masunci, Tela za a ce masa. Wannan shi ne matsayin da Fischer yake kafin ya daskare.

Misali na (5) ya ɗan bambanta. Sarkawa al'umma ce ta masu su da sarrafa jirage, kuma kalmar ba ta da alaƙa da sarki. Tana da nasaba da Sorko, sunan masuntan Songai. Masani Bafaranshe Jean Rouch ya yi rubutu a kan Sarkawa masu bin kogi suna su a 1950, a mujallar nan ta Africa ta cibiyar da Vischer ya taimaka aka kafa. Basarkanci ana gadonsa. Ɗan Basarke Basarke ne ko da ya zama malamin makaranta. Duk da haka wannan sunan jinsi ne kamar Bakabe ko Bagobiri, ba sunan gida guda ba.

Misali na (6) sarauta ce. Mutum ɗaya ke riƙe ta a lokaci guda, kamar Sarkin Ruwan da ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934.

Inda Hausa ta fi daskarar da sunan sana'a shi ne a sunayen wurare. Unguwannin da ake kira Maƙera ko Dukawa ko Marina sukan ci gaba da amsa sunan ko bayan masu sana'ar sun ragu. Sunan Malanbil kansa darasi ne. Bahaushe zai iya jin kamar garin wani malami ne, tun da a karin harshen yamma malan ake cewa. Alhali Malan sunan gado ne na wani gwamnan Faransa a Dahome, aka ƙara masa ville, wato gari. Tsohon sunan wurin Tassi ne, wato yashi a Dendanci. Kamar sauti ba hujja ba ce a nazarin asalin kalma.

7.0 Inda Tsarin Biyu Suka Haɗu

A al'ada Bahaushe yana da sunan yanka da ake raɗa masa ran bakwai. Yana iya samun sunan rana kamar Ɗanjuma ko Talatu, da sunan da iyaye ke sakaya sunan yanka da shi saboda alkunya, da laƙabin da ya samu a rayuwa. In ana son bambancewa sai a ce wane ɗan wane. Mace kuma ba ta sauya suna don ta yi aure, saɓanin tsohuwar al'adar Jamusawa inda mata ke ɗaukar sunan gidan miji.

Rajistar makarantar boko ita ta fara neman suna na biyu tabbatacce. Ɗalibai da yawa sun amsa da sunan garinsu. Ta haka aka sami Aminu Kano, wanda sunan mahaifinsa Yusufu, da Shehu Shagari, wanda sunan mahaifinsa Aliyu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu kuma sun sa sunan uba, wanda ke sauyawa daga tsara zuwa tsara: ɗan Musa Ibrahim yakan zama Sani Musa, jikansa kuma Kabiru Sani.

A wasu gidaje sunan ya riga ya daskare kamar na Jamusawa. Ɗantata laƙabin Alhassan ne (1877-1955), saboda Tata, matar da ta rene shi, amma 'ya'ya da jikoki duk sun gaje shi. 'Yar'aduwa sunan unguwa ce a Katsina, ya zama sunan gidan da ya fitar da Shehu Musa da Umaru Musa. Sunaye irin su Wali da Alƙali da Liman da Ma'aji su ma sun hau wannan hanya, har ana samun Alƙalin da bai taɓa zaman shari'a ba. Abin da ya ɗauki Jamusawa ɗaruruwan shekaru yana faruwa a ƙasar Hausa cikin tsara uku ko huɗu, kuma takardun hukuma ne ke tura shi, kamar yadda suka tura nasu.

A Benin da Nijar akwai ƙarin rikici. Takardun Faransanci suna da gurbi biyu, nom na sunan gida da prénom na sunan mutum, kuma sau da yawa sunan gida ake fara rubutawa. Shi ya sa ake ganin Diori Hamani da Hamani Diori, ko Tandja Mamadou da Mamadou Tandja, alhali mutum ɗaya ake nufi. Bahaushen Tumbutu da ɗan'uwansa na Kamba a jihar Kabi suna iya kasancewa jikokin mutum ɗaya, amma takardunsu su nuna sunaye na biyu mabambanta, da rubutu mabambanci, kamar Issoufou da Yusuf.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ɗalibi zai iya riƙe ƙa'idoji huɗu. Na farko, tarayya a sunan gado ba hujjar dangantaka ba ce, sai an duba gari da zamani da sunayen iyaye. Maƙeran Nuremberg da malaman Tübingen da attajiran Basel gidaje ne daban-daban. Na biyu, ba a fassara sunan gado a cikin rubutu. Ana bayyana ma'anarsa idan nazari ya buƙaci haka, amma Emil Fischer ba ya zama Emil Masunci. Na uku, ana barin rubutun suna yadda mai shi yake rubutawa, domin V ko F ita ce alamar da ke raba wani gida da wani. Na huɗu, kafin a jera sunan marubucin Hausa a jerin manazarta, a bincika ko sunansa na ƙarshe na uba ne, ko na gari, ko laƙabi, ko sarauta, a kuma bi yadda shi kansa ya sa a bangon littafinsa, don mai nema ya same shi.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Gaskiya ne a inda suna yake kama mai shi kai tsaye, kamar Ɗan Hausa. Sunan gado kuwa yana kai mai bincike ƙofar gida ne kawai, sauran aikin sai ya shiga ciki ya tambaya.

Tambayoyin Bita

1. Kawo sunayen masu aiki guda biyar na Hausa da ganɗantawa take fitowa a tilonsu, ka nuna jam'in kowanne.
2. Bayyana bambancin da ke tsakanin masunci da Basarke da Sarkin Ruwa ta fuskar gado.
3. Tattara sunaye na biyu guda 20 daga ajinku, ka rarraba su bisa hanyoyi huɗu da aka ambata a sashe na 3.0. Wace hanya ce ta fi yawa, kuma waɗanne ne aka riga aka gada har tsara biyu?